Adon fuskar waya a Tasawa da Mayahi: kwalliya ko alamar hanya?

Wanda ya zauna a rumfar mai cajin waya a Tasawa ranar kasuwa zai ga wayoyi jere, galibinsu Itel da Tecno, duk na kamfani ɗaya, Transsion na ƙasar Sin. Amma da an kunna su, da wuya a sami biyu masu fuska ɗaya. Wannan ya mayar da Chrome ɗinsa baƙi ƙirin, wancan ya shimfiɗa hoton Ka'aba a bayan Opera Mini, wani kuma tutar Nijar ya ɗora, musamman tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Dalili na farko ba ɓoyayye ba ne. Mutanen da ke yi wa babur ɗin kabu-kabu ado, suke cika ɗakin amarya da jere, ba za su bar waya tsirara ba. A fada, wurin shan shayi, fuskar wayar saurayi tana cikin abin da ake gani, kamar hularsa.

Sai dai, a ganina, akwai dalilin da ya fi wannan nauyi. Waya da Faransanci take magana, alhali mai ita, a ƙauyukan Mayahi na bakin Gulbin Kaba, sau da yawa allo ya yi, bai yi lakwal ba. Launi da hoto su ne hanyarsa. Ƙanensa ɗan makaranta ya jera masa shafukan da yake so a fuskar burauza, sashen Hausa na RFI nan, na BBC can, sai ya riƙe kowane da kamanninsa. Ranar da manhajar ta sabunta kanta, launuka suka sauya wuri, sai ka ji ana cewa waya ta lalace, a nufi wurin mai gyara.

Maganar baƙar fuska kuwa, wadda ta yaɗu bayan fitowar Android 10 a 2019, wuta ce ta tura mutane gare ta. Lantarkin wannan yanki daga Katsina yake shigowa ta Gazawa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023, kowa ya koyi tattalin batir. Ana cewa baƙi ba ya cin caji. Gaskiya ne a kan allon AMOLED, inda ɗigon da ya yi baƙi a kashe yake. Ƙananan wayoyin da suka cika kasuwa kuwa allon LCD ne da su, fitilar bayansa tana ci ko fari ko baƙi. Rage hasken allo ya fi amfani nesa ba kusa ba. Ga shi kuma a ranar bazara, baƙar fuska ba ta karantuwa a fili, sai an nemi inuwa.

Asarar da ba a lissafawa tana wurin manhajojin ado na kyauta. Suna zuwa da talla, tallar kuma megar da aka saya a Airtel, Moov ko Zamani take sha, ta cika ƙwaƙwalwar wayar har ta riƙa nauyi. Wasu ma sai sun nemi izinin shiga lambobin mutum da hotunansa, da Faransanci ko Turanci, mai wayar kuma ya danna maɓallin da ya fi haske.