Cututtukan da ba kasafai ake gani ba: labarin mutum ɗaya ya isa hujjar magani?

Akwai cututtukan da likita zai yi shekara talatin yana duba marasa lafiya bai taɓa cin karo da su ba. A dokar Amurka, cutar da masu ita ba su kai 200,000 a ƙasar ba tana cikin wannan rukuni. A Tarayyar Turai kuwa, sai wadda ba ta wuce mutum ɗaya cikin 2,000 ba. An san kimanin 7,000 daga cikinsu, galibi na gado ne, kuma masu fama da su a duniya sun kai kusan miliyan 300. Wuri ma yana da tasiri: sikila tana cikin lissafin a Amurka, alhali a Najeriya da Nijar da wuya a rasa ta a unguwa.

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen gwada magani ita ce a tara marasa lafiya da yawa, a raba su gida biyu da ƙuri'a, a bai wa kashi ɗaya sabon maganin, sannan a kwatanta. To idan masu cutar ba su fi arba'in ba a duniya fa? A nan ne ake komawa ga rahoton mara lafiya, wato bayanin da likita ke rubutawa a mujallar likitoci kan mutum ɗaya ko 'yan kaɗan: alamomin da suka zo da su, abin da aka ba su, da yadda ta kaya.

Irin wannan rahoto ya sha ceton rayuka. A 1961 wani likitan Ostireliya, William McBride, ya aika wa mujallar Lancet gajeriyar wasiƙa cewa matan da suka sha thalidomide da juna biyu suna haifar jarirai masu nakasa. A watan Yunin 1981, rahoto kan maza biyar a Los Angeles shi ne farkon bayanin cutar ƙanjamau. Amma gargaɗi daban, tabbatar da waraka daban.

A 2008 likitoci a birnin Bordeaux na Faransa suka lura cewa propranolol, maganin zuciya da hawan jini, yana rage girman wani jan tsiro na jijiyoyin jini da ke fitowa a fatar jarirai. Suka wallafa bayanin yara 11. Da yake tsiron kan ɓace da kansa a hankali, ba su tsaya nan ba, aka shirya babban gwaji da jarirai sama da 400, sakamakon ya fito a 2015 ya gaskata su. Yau shi ne maganin farko idan tsiron ya zama haɗari.

A 2004 kuma, wata yarinya 'yar shekara 15 a jihar Wisconsin ta Amurka ta kamu da ciwon haukan kare bayan jemage ya cije ta, ba a yi mata rigakafi ba. Likitoci a Milwaukee suka sa ta dogon barci da magani, suka ba ta magungunan ƙwayoyin cuta, ta rayu. Duniya ta ɗauka. Sai dai da aka maimaita hanyar a ƙasashe daban-daban, mafi yawan marasa lafiyar sun rasu. Har yanzu abin dogaro shi ne wanke cizon da ruwa da sabulu na minti 15, da allurar rigakafi kafin alamomi su bayyana.

Saboda haka, duk lokacin da kuka ji an ce wane ya warke, ku yi waɗannan tambayoyi.

Na farko, an tabbatar da cutar da gwajin jini, hoto ko gwajin ƙwayar halitta, ko dai kamanni ne kawai?

Na biyu, yaya cutar take idan ba a yi komai ba? Wasu kan lafa su dawo, wasu kan tafi da kansu. Hujjar mutum ɗaya tana ƙarfi ne idan cutar ba ta saba barin kowa ba, sannan sauƙin ya zo nan take, kamar yadda aka gani a Toronto a 1922 lokacin da aka yi wa wani yaro mai ciwon suga allurar insulin.

Na uku, me kuma mara lafiyan yake sha? Idan magani huɗu aka haɗa, ba a san wanda ya yi aikin ba.

Na huɗu, mutum nawa aka bai wa, kuma ina waɗanda bai yi wa amfani ba? An fi rubuta labarin nasara, na rashin nasara kan tsaya a cikin fayil.

Na biyar, tsawon wane lokaci aka bibiye shi? Sauƙin mako biyu ba waraka ba ne, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Na shida, wa ya ba da labarin? Idan shi ne mai sayar da maganin, a ƙara yin hattara. Shaidar da ake ji a rediyo ko WhatsApp ba ta ma kai rahoton likita ba, tunda babu wanda ya tantance ta.

Iyayen da ke jinyar yaro mai irin wannan cuta, ku kai duk labarin da kuka samu wurin ƙwararren likita a asibitin koyarwa, ku tambaye shi haɗarin maganin da kuɗinsa. Kada ku dakatar da wanda ake sha saboda labarin mutum ɗaya, kada kuma ku sayar da gona kafin ku ji amsar tambayoyin nan shida.