Yadda Wasu 'Yan'uwa Biyu Suka Mai da Littafi Waƙa

Wata gardama ce da muka yi a aji ta sa na ɗauki alƙalami. Wani abokina ya kafe a kan cewa duk wanda ya ɗauki labarin da wani ya rubuta ya yi masa waƙa bai ƙago kome ba, kayan aro ne kawai ya yafa, kuma kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara. Ni kuwa na ce ba a nan take ba. Da yake a ranar ƙararrawa ta raba mu, ga amsata a rubuce, kuma zan kafa hujja da wasu makaɗa na ƙasar Amurka da ake kira Harry and the Potters.

Kafin mu je ga makaɗan, sai mun san littafin. A shekarar 1997 aka buga wani ƙagaggen labari a Ingila, wanda wata mata mai suna J. K. Rowling ta rubuta, game da wani maraya, Harry Potter, da aka kai makarantar kwana ta koyon sihiri. Labarin ƙage ne tsantsa, kamar dai na Gizo da Ƙoƙi, sai dai yana da tsawo, don kuwa littafi 7 ne, kowane ɗaya yana ba da labarin shekara guda ta rayuwar yaron, daga yana ɗan shekara 11 har ya kai 17. Na ƙarshensu bai fito ba sai 2007. A cikin waɗannan shekaru 10 yara da manya suka riƙa zaman jiran kowane sabon littafi kamar manomi da ruwan farko.

Daga cikin masu wannan jira akwai wa da ƙane, Paul da Joe DeGeorge, mutanen wani gari da ake kira Norwood, kusa da birnin Boston. Ranar 22 ga watan Yuni, 2002, Joe, wanda a lokacin bai wuce shekara 15 ba, ya shirya wasan kiɗa a wani ɗan ɗakin ajiye kaya da ke bayan gidansu. 'Yan kallo 6 suka zo, makaɗan da aka gayyata kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. Maimakon a sallami baƙi da kunya, sai wan da ƙanen suka zauna, cikin kamar awa guda suka tsara waƙa 7 a kan labarin Harry, suka fito suka rera 6 daga ciki. Asalin rukunin ke nan. Wanda ya ji haka zai ce ai wasan yara ne, kuma lalle da farko wasan ne.

To, sai wata 'yar matsala ta taso: wa zai zama Harry? Kowa yana so. Suka raba gardamar da dabarar da ke cikin labarin kansa, domin a littafi na 3 akwai wata na'ura mai mai da mutum baya cikin lokaci. Sai suka ce ai Harry ne ya yi tafiya cikin lokaci ya haɗu da kansa, suka kafa rukunin kiɗa. Paul ya zama Harry na aji 7, Joe ya zama Harry na aji 4. Dukansu biyu sukan sa farar riga da suwaita mai ruwan toka, da nakatayi mai ratsin ja da rawaya, da tabarau mai kewayayyen gilashi.

Daga wannan raha wata doka ta fito, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan aikinsu duka. Tun da su ne Harry, waƙa sai ta fito daga bakin Harry. Ba mawaƙi ne ke tsaye a gefe yana ba da labarin yaron ba, yaron ne da kansa ke cewa "ni".

Ku dakata ku auna nauyin wannan doka. Mai karatu yakan gane abubuwan da Harry bai gane ba, amma mai waƙa da bakin Harry ba shi da ikon faɗinsu. Dole ya san abin da yaron ya sani a wannan shekara kaɗai, ya jahilci abin da ya jahilta, ya yi fushi inda ya yi fushi, ko da fushin na rashin hankali ne. Ga misali. Akwai wani malami a labarin, Snape, wanda Harry ya ƙi jini tun ranar farko, sai a littafi na 7 ya gane cewa mutumin nan kare shi yake yi tun tuni. Duk waƙar da ta shafi Harry na aji 4, tilas ta ƙi malamin nan da zuciya ɗaya, ba ta da damar yi wa masu sauraro ƙyafce cewa akwai magana a gaba. Saboda haka tsara irin wannan waƙa yakan fara ne daga karatu, a koma littafi a sake bi a tsanake, ana neman inda zuciyar yaron ta motsa. Sa'an nan a tambayi kai: da an miƙa wa wannan yaro jita a wannan dare, me zai ce, kuma da wace irin murya? Marubuciyar littafin ba ta amsa wannan tambaya ba. Wanda ya amsa ta, shi ya yi aikin.

Ban ce tun farko suka ƙware ba. Faifansu na fari, wanda suka ɗauka a falon gidan iyayensu ya fito a 2003, ya ƙunshi littattafai 4 na farko, kuma waƙoƙinsa gajeru ne ƙwarai, masu ban dariya. Da yawansu sake ba da labari kawai suke yi: an je can, an ga kaza, an yi kaza. A nan abokina yana da gaskiya, domin waƙar da aikinta ke nan tana rayuwa ne da numfashin littafin, wanda bai karanta ba kuwa ba abin da zai ƙaru da shi. Duk da haka ko a wannan faifai akwai "Save Ginny Weasley", inda Harry ke zuga kansa da abokinsa su shiga ƙarƙashin makaranta su ceto wata yarinya daga wani ƙaton maciji. Ita wannan ta tsaya da ƙafarta, don tsoro da ƙarfin hali ba sai an karanta littafi ake gane su ba.

Canji sosai ya zo ne da littafi na 5, wanda ya fito ranar 21 ga Yuni, 2003. A cikinsa Harry ya kai shekara 15, ya zama mai saurin fushi, ba ya jin kowa na fahimtarsa. Gwamnatin masu sihiri ta ƙi yarda cewa mugun nan Voldemort ya dawo, jaridarsu ta mai da yaron maƙaryaci, aka kuma turo wata jami'a mai suna Umbridge ta riƙa kafa dokoki a makaranta har ta hana ɗalibai taruwa ba da izini ba. A kan wannan littafi suka yi faifai na biyu a 2004, mai suna "Voldemort Can't Stop the Rock!", watau Voldemort ba zai iya hana kiɗa ba. A nan suka daina bin labari shafi shafi, suka koma tsintar wuraren da rayuwar Harry ta yi kama da ta kowane matashi.

Dubi waƙar da suka yi a kan ranar da Harry ya fita shan shayi da wata yarinya da yake so, Cho. A littafin 'yan shafuka ne kawai. Yarinyar ta kawo zancen wani saurayinta da aka kashe, ta fashe da kuka, shi kuwa gogan ya rasa abin cewa, duk abin da ya faɗa sai ya ƙara ɓata al'amari. Marubucin waƙa mai son nuna hikima zai sa Harry ya fahimci baƙin cikin yarinyar. Su kuwa suka bar shi yadda yake, ɗan shekara 15 mai jin haushi da kunya, wanda kansa ya ɗaure. Shi ya sa mai sauraro ke dariya, yana kuma jin ɗan ɗaci, don ya tuna ranar da shi ma bakinsa ya kasa. A waƙar da aka sa wa faifan sunanta kuwa, sun haɗa Voldemort da wani kwamiti da matan wasu manyan 'yan siyasa suka kafa a Amurka a 1985 don sa wa faifan waƙoƙi ido. Wannan magana ba ta cikin littafin ko kaɗan. Tasu ce, sun dai sa ta a bakin da suka ga za ta dace.

Wani abin da ya gyara musu aiki shi ne wurin da suke wasa. Makaɗan rok a Amurka galibi a gidajen rawa da mashaya suke farawa, inda sau da yawa ba a barin wanda bai kai shekara 21 ba ya shiga. Su kuwa waɗannan sai suka nufi laburare da kantunan sayar da littattafai. Ku kwatanta laburaren makarantarmu, inda ko tari ka yi sai an harare ka, a ce yau an kafa ganga da lasifika a ciki! A irin wannan wuri 'yan kallo sun haɗa da ɗan firamare da uwarsa da ɗalibin jami'a. Waƙar da za ta riƙe su duka sai ta zama mai sauƙin kari, kalmominta na fita sarai, amshinta kuma yaro zai iya kamawa tun a ji na biyu. Har wa yau, waɗannan 'yan kallo alƙalai ne masu tsanani. Yarinyar da ta karanta littafi sau biyar ba za ta yafe maka ba in ka sa wa Harry maganar da ba halinsa ba, ko ka rikita abin da ya faru a aji 2 da na aji 3. Kamfanin faifai ba ya tsaye a kansu, don da kansu suke ɗauka, su buga, su loda a mota su sayar a wurin wasa. Amma rashin ubangida bai sa sun rasa mai tuhumarsu ba.

Akwai inda suka yi sako-sako, kuma ba zan ɓoye ba. Muryoyinsu ba na zabiya ba ne, wani lokaci ma kari yakan kuɓuce musu, ɗaukar faifan farko kuwa ta gida ce, kowa ya ji ya san haka. Sun taso ne cikin al'adar kiɗan Punk, wani reshe na rok da ya bunƙasa a Amurka da Ingila wajen 1976, wanda mabiyansa ke ganin in kana da abin faɗi, to, tashi ka faɗa da kayan da ke hannunka, kada ka jira sai ka zama gwani. Mai neman zaƙin murya zai yi tsaki. Amma ku lura da inda suka sassauta da inda suka tsananta. Sun yarda jita ta yi gargada, ba su yarda Harry ya yi ƙarya ba.

Shaidar cewa dokar nan tana da ƙarfi ita ce wasu sun ɗauke ta ta yi musu aiki. Wajen 2004 wasu 'yan'uwa biyu daga jihar Rhode Island suka kafa Draco and the Malfoys, suna waƙa da bakin abokin gabar Harry, wani ɗan masu kuɗi mai girman kai, har da yi wa Harry gorin maraici. Littafi ɗaya, aukuwa ɗaya, amma waƙoƙin suka fito daban sarai, don bakin da ke magana ya sauya. Rukunonin biyu sukan yi wasa a dandali guda. Kafin littafi na 7 ya fito, irin waɗannan rukunoni sun kai ɗaruruwa, har aka raɗa wa kiɗan suna Wizard Rock. Ba duka ne suka yi abin kirki ba. Da yawa sun tsaya ga sa tufafi da jera sunayen mutanen labari, kuma su aka fara mantawa.

Aro dai yana da mai shi, wannan kam ba musu. Kamfanin Warner Bros., mai haƙƙin finafinan Harry Potter, ya tuntuɓi Paul da Joe, aka daidaita a kan su ci gaba da waƙa da sayar da faifai, amma sauran kaya irin su riguna a wurin wasa kaɗai za su sayar.

A 2006 suka fitar da faifai na uku a kan littafi na 6, wanda a cikinsa aka kashe shugaban makarantar, Dumbledore, mutumin da ya zame wa Harry kamar kaka. Waƙar da suka yi masa doguwa ce, mai tafiya a hankali, ba ta da alaƙa da barkwancin 2003. Sa'an nan littafi na 7 ya fito ranar 21 ga Yuli, 2007, kuma a daren jajiberen suka yi wa dubban mutane wasa a unguwar jami'ar Harvard. Kowa ya zaci faifai na huɗu na nan tafe. Mutanen da suka taɓa tsara waƙa 7 cikin awa guda, sai ga shi shekara 12 ta wuce kafin cikakken faifansu a kan wannan littafi, mai suna "Lumos", ya fito a 2019. A lokacin ƙanen ya haura 30, wan kuwa yana bakin 40, amma har yanzu da bakin ɗan shekara 17 za su yi magana. Abin da suka tsinto daga littafin a wannan karo shi ne gwamnatin da ta faɗa hannun azzalumai, tana yi wa mutane rajista bisa ga asalin jininsu, da jaridar da ke yaɗa ƙarya, da ƙananan ma'aikatan da ke aiwatar da zalunci suna cewa aiki aka sa su. Duk waɗannan suna nan cikin littafin tun 2007, miliyoyin mutane kuma sun karanta sun wuce.

Na kunna wa abokin nawa waƙa biyu, ɗaya ta 2003, ɗaya ta 2019. Ya ce ta farkon ta tabbatar da maganarsa. Ta biyun kuwa ya ce in sake kunna masa, sa'an nan ya tambaye ni ko laburarenmu na da littafi na 7.