Kirarin Ɗan Kokawa da Hukuncin Ubangidansa a Ƙasar Zuru

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne a duba bambancin da ke tsakanin yadda matashin ɗan kokawa yake auna kansa da yadda ubangidansa, watau mai horar da shi, yake auna shi. An ɗauki misali daga ƙasar Zuru ta Jihar Kebbi, inda Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, suka shahara da kokawa, musamman lokacin bikin Uhola bayan an kawar da amfanin gona.

Ma'aunin farko shi ne kirari. A al'adar kokawa da dambe, idan saurayi ya shiga fili yakan zuga kansa, ya ambaci waɗanda ya kayar, ba ya ambaton waɗanda suka kayar da shi. Aikin kirari shi ne ya ƙarfafa zuciyar mai shi, ya razana abokin karawa. Matsala takan taso ne idan yaro ya gaskata kirarinsa, ya nemi wanda ya fi ƙarfinsa.

Ubangida kuwa abin da ya gani yake aunawa: dasa ƙafa, da tsawon numfashi, da haƙuri idan karawa ta daɗe. A Zuru akwai wata shaida kuma, watau golmo, noman da saurayi yake yi wa surukansa shekara da shekaru. Dattijon da ya ga yaro a kunya tun safe har rana ta take ya san iyakar jimirinsa.

Masana sun lura da irin wannan saɓani. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell ta Amurka sun gwada ɗalibai, suka tarar waɗanda suka fi rauni su suka fi kai kansu inda ba su kai ba, gwanaye kuwa sukan rage wa kansu matsayi. Dalilin da suka bayar shi ne, sanin da ake bukata a yi abu daidai, shi ne kuma ake bukata a gane an yi kuskure.

Sai dai ubangida ma yana da nasa makantar. Ba ya jin targaɗen da yaro ya ɓoye, ko tsoron da ya kwana da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bugu da ƙari, son kai yakan sa ya fifita ɗan ɗakinsa.

Saboda haka ya kamata a haɗa ma'aunan biyu. Kafin karawa a tambayi yaro yadda yake ganin kansa, bayan an tashi a gwada maganarsa da abin da ya faru. Idan aka bi ta kirari kaɗai, yaro na iya karyewa tun bai nuna ba. Idan aka toshe bakinsa kuma, zuciyarsa ce za ta mutu.