Jirgin Abuja: Saurin Wa Aka Saya?

Ranar 12 ga Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin ƙasa na cikin garin Abuja, ya kuma hau shi daga tsakiyar birni zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Tun 2007, gab da saukar Obasanjo, aka ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar, wato sai da aikin ya ci shekara 11. Dogo ne mai tsawon kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, wanda ya lashe dala miliyan 823, kuma miliyan 500 daga ciki bashi ne daga bankin Exim na Sin. Ko shekara biyu jirgin bai cika yana aiki ba annobar korona ta tsayar da shi a 2020. Annoba ta wuce, jirgi bai tashi ba. Ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi da kayan aiki, ciyawa ta rufe tashoshi, har sai ranar 29 ga Mayun 2024 da Shugaba Tinubu ya sake buɗe shi bayan an kashe wasu kuɗin wajen gyara, ya ce a hau kyauta har ƙarshen shekarar.

Duk lokacin da aka tayar da zancen irin wannan aiki, jama'a kan rabu gida biyu. Masu suka su ce ina dalilin jirgi alhali asibiti ba magani, makaranta ba malami. Masu yabo su ce ai babu babban birnin da ya amsa sunansa ba tare da jirgi ba. A 2017, wajen taron zuba jari na Kaduna, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya caccaki gwamnonin da ke zuwa Sin cin bashin jirgin cikin gari, a daidai lokacin da gwamnatin Ganduje ke maganar aikin dala biliyan 1.85 a Kano. Hujjarsa ita ce kuɗin da kayan aikin da ma'aikatan duk na Sin ne, mu kuwa biya ne namu, ga yara birjik a titi ba karatu.

Masu yabon suna da amsar da ba za a yi watsi da ita ba. Wannan bashi ɗaure yake da aikin da aka ci shi dominsa. Bankin Exim ba zai ba ka dala miliyan 500 ka biya albashin malamai ba. Yana bayarwa ne don kamfanin ƙasarsa ya sami kwangila. Kuma sharuɗɗan ba su da tsanani: ruwa kashi 2.5 cikin ɗari, biya cikin shekara 20. Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Da dala aka ci bashin, da naira ake sayar da tikiti, in ma an sayar. Ranar da aka buɗe jirgin dala tana wajen naira 360 a kasuwa. Lokacin da aka sake buɗe shi ta doshi 1,500. Kuma baitulmalin da ake ɗebowa a biya Sin, shi ne dai wanda ake ɗebowa a sayi alluran rigakafi. A nan Abujar ce shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma Najeriya, mai masaukin baƙin, ba ta taɓa kaiwa nan ba. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin birnin shida sun fi wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Asusun ƙaramar hukuma daban, na tarayya daban, in ji masana kasafi. Gaskiya ne. Amma uban da ɗansa ke zaune a gida yana jin ƙarar jirgi na wucewa ba zai saurari wannan bayani ba.

Duk da haka, ban yarda cewa sufuri kayan alatu ne da za a jingine sai an gama da lafiya da ilimi ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke fitowa daga Masaka tun asuba don ta kama aiki a Garki, cunkoson hanya wani ɓangare ne na matsalar asibitinta. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin mota ya zama abin da ke cinye albashin ƙaramin ma'aikaci tun wata bai raba ba. Babban laifin jirgin Abuja, a ganina, shi ne inda aka shimfiɗa shi.

A duba taswira. Reshe ɗaya ya tashi daga tsakiyar birni, ya bi ta filin wasa, Kukwaba, Wupa, Idu da Bassanjiwa, ya ƙare a filin jirgi. Ɗayan ya tashi daga Idu ya bi Gwagwa, Dei-Dei da Kagini zuwa Gbazango a yankin Kubwa. To ina tururuwar mutanen da ke shiga Abuja kowace safiya take? Mafi yawanta tana kan titin Keffi: Nyanya, Karu, Mararaba, Masaka, inda motoci ke yin cirko-cirko daga gadar Nyanya har AYA. Wannan hanya ko taku ɗaya na dogo ba ta samu ba. An sa ta a kashi na gaba, aka fara da hanyar filin jirgi, hanyar da masu bin ta galibi suna da motocinsu da direbobinsu, ga kuma titi mai faɗi da aka riga aka yi musu. A 2018 tashoshi uku kawai aka buɗe, sauran kuwa wasu ko titin isa gare su babu. Sai a zamanin ministan Abuja Nyesom Wike aka yi waɗannan tituna.

Injiniya yana auna sauri da gudun tarago. Fasinja kuwa daga ƙofar gidansa yake fara lissafi har ya zauna a wurin aiki. In sai ya hau acaɓa zuwa tasha, ya jira jirgin da ke zuwa jefi-jefi, ya sauka ya sake neman tasi zuwa Wuse ko Maitama, to gara masa ya tsaya bakin titi ya shiga motar da ta samu, da duk fargabar 'yan wan-cans masu fashi a cikin mota. Jirgin cikin gari yana amfani ne in yana zuwa a kai a kai, har mutum ya daina tambayar ƙarfe nawa zai iso.

Akwai kuma hanya mai araha da muka gani da idonmu. A 2008 gwamnatin Fashola ta buɗe layin manyan motocin bas na BRT a Legas, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, aka keɓe musu gefen titi da shinge don kada cunkoso ya riƙe su. Kowace kilomita ta ci kimanin dala miliyan 1.7, ta jirgin Abuja kuwa ta ci wajen miliyan 18. Cikin ɗan lokaci layin yana ɗaukar kusan mutum 200,000 a rana. Sai daga baya Legas ta zo ga jirgi, a 2023 da 2024, kuma ta bi da shi ta Mile 2 da Oshodi da Agege, inda jama'a suke. Abuja ma ta taɓa gwada bas. Bayan an hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, an kawo dogayen motocin da har yau ake kira da sunan ministan birnin na lokacin, El-Rufa'i, amma ba a keɓe musu hanya ba, ba a kuma tanadi kuɗin gyara ba, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan cuta ta rashin kula ba tamu ce mu kaɗai ba. Addis Ababa ta buɗe nata jirgin a 2015 kan dala miliyan 475, shi ma da bashin Sin, kuma ba a jima ba taragai da yawa suka kwanta saboda rashin kayan gyara. Bashi yana gina dogo, amma wutar lantarki da albashin ma'aikata da masu gadi daga kasafin kowace shekara suke fitowa, kuma ba a yanka ƙyalle a kansu, shi ya sa ɗan siyasa ba ya ɗokinsu.

Tunda an riga an kashe kuɗin, barin jirgin ya sake kwanciya shi ne asarar da ta fi kowace. Ya kamata hukumar birnin ta riƙa bayyana yawan fasinjan da yake ɗauka da abin da ake kashewa a kansa duk wata, ta sa bas-bas masu kai mutane tashoshin Gwagwa da Dei-Dei da Gbazango, sannan kafin Majalisa ta amince da wani sabon bashin dogo, a fara keɓe wa bas hanya a titin Keffi. Shi wannan sai Abuja ta zauna da gwamnatin Nasarawa, domin Mararaba da Masaka a ƙasarta suke, ko da yake mazaunansu a Abuja suke wuni.