Sana'ar Gina Shafin Intanet: Yaya Ake Samun Aiki?

A ƙauyuka da yawa yanzu akan sami yaron da ya gama makaranta, ya ce yana so ya koyi gina shafin intanet. Iyaye ba su san kan abin ba, amma sai su sayar da akuya ko buhun gero su biya kuɗin koyo. To, mece ce wannan sana'a, kuma ta yaya ake samun aikinta?

Shafin intanet kamar rumfa ce a kasuwa, sai dai a cikin waya ko kwamfuta ake ganinta. Mai kaya zai sa hoton kayansa, da farashi, da lambar wayarsa. Mai saye ko yana Legas ko Yamai zai duba ya gani. Wanda ke tsara wannan rumfa shi ne maginin shafi. Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya fito da dabarar a 1989. Shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 ta taimaka wajen kawo abin kusa da jama'a.

Mai koyo yana bukatar kwamfuta, da wutar lantarki ko sola, da kuɗin data. Zai koyi abubuwa biyu da ake kira HTML da CSS. Na farko kamar tubali ne, na biyu kuwa kamar yaɓe da fenti. Akwai kuma WordPress, wanda ke sauƙaƙa aikin ƙwarai.

Sai dai masu sana'ar sun yi yawa. A 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT domin horar da mutum miliyan 3 kan fasahar zamani. A kasuwannin intanet irin su Fiverr da Upwork, ɗan Nijeriya yana gasa ne da 'yan Indiya da Pakistan. 'Yan kasuwa da dama kuma WhatsApp da Facebook sun ishe su talla. Ga shi yau akwai manhajojin da ke tsara shafi cikin 'yan mintoci.

Saboda haka takardar shaida ita kaɗai ba ta kawo aiki. Mai neman magini ba ya tambayar takarda, cewa yake a nuna masa gidan da ya gina. Gani ya kori ji. Dole mai neman aiki ya kasance da shafuka uku ko huɗu na hannunsa, waɗanda kowa zai iya buɗewa a waya.

Ina zai samo su? Ya fara daga gida. Ga makarantar garinsu, ga ƙungiyar manoma, ga dillalin hatsi a Dawanau ko mai atamfa a Kantin Kwari. Ya yi wa na farko aiki da rahusa. In ya yi kyau, shi zai kawo na biyu. A nan ɗan gida ya fi baƙo, domin yana jin Hausa, kuma ya san cewa sabis ba shi da ƙarfi a karkara. Sai ya gina shafi marar nauyi, mai saurin buɗewa a ƙaramar waya.

Kafin a soma aiki a rubuta yarjejeniya, a kuma karɓi wani abu daga cikin kuɗin. A gaya wa mai aiki gaskiya, cewa adireshin shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara. In ba a biya ba, shafin zai rufe.

A yi hattara da duk wanda ya ce sai an tura masa kuɗi kafin ya ba da aiki. Yawanci ɗan damfara ne.

Iyaye kuma suna da hanyar ganewa ko kuɗinsu bai tafi a banza ba. Bayan wata biyar ko shida, su ce yaron ya buɗe waya ya nuna musu abin da ya gina. Kada kuma ya saki noma ko sana'ar gida tun sabuwar ba ta kama ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.