FASHIN BAƘI: Gwanayen zanen da matasan Kano ke koyi da su, da waɗanda masana'antu suka ɓoye sunansu

Duk wanda ya bi hanyar Sharaɗa da safe zai ga manyan motoci suna fitowa daga masana'antu, maƙare da katon-katon na turare, da sabulu, da takalman roba, da ruwan leda. Babu ko ɗaya cikin waɗannan kaya da ya fita tsirara. Kowanne yana ɗauke da tambari da launi da haruffa waɗanda wani mutum ya zauna ya tsara. Mai saye ya san sunan kamfani, wani lokaci har da sunan mai kamfanin, amma da wuya ka sami wanda zai gaya maka sunan wanda ya yi zanen.

Wannan giɓi yana da tasiri a kan dubban matasan da suka rungumi sana'ar zane da kwamfuta a Kano. Mai koyo yana buƙatar gwanin da zai ɗaga kai ya duba. Idan bai san na gida ba, sai ya kwaikwayi abin da ya gani a Instagram da Pinterest, ya fitar da aikin da ba a bambanta shi da na Legas ko na Dubai. Ga bayanin wasu gwanayen da aikinsu ke hannun jama'a, da abin da mai koyo zai ɗauka daga kowannensu, da kuma yadda doka ke kallon aikin.

Turaren da kwalbarsa ta shekara ɗari

Misali mafi kusa yana cikin Sharaɗa. Turaren Bint el Sudan, wanda mata ke kira Bintu Sudan, kamfanin W.J. Bush na Ingila ne ya fara haɗa shi a 1920, bayan wani ma'aikacinsa mai suna Eric Burgess ya je Sudan ya nazarci irin ƙamshin da mutanen can ke so. A yau kamfanin Gongoni ne ke sarrafa shi a Kano. Hoton yarinyar da ke jikin kwalbar ya zama shaidar turaren daga Kano har Yamai da Njamena, ta yadda tsohuwar da ba ta karanta boko ba takan gane shi daga nesa.

Darasin da ke nan shi ne, tambari mai kyau yana yi wa kaya dillanci ko da mai saye bai iya karatu ba. A kasuwar da mutane da yawa ke kiran kaya da hoton da ke jikinsa, kamar mai zakara ko mai giwa, hoton shi ne suna. Haka abin yake ga kwanukan langa masu furanni da masana'antun 'yan kasuwar Hong Kong suka riƙa bugawa a Kano tun shekarun 1960, waɗanda suka cika jeren amare shekaru da dama. Uwar amarya da adon jikin kwano take zaɓe, alhali mai zana furen bai taɓa sa hannu a kai ba.

Masu zanen riga da masu zayyana

Tun kafin a kafa masana'anta ta farko a Bompai a ƙarshen zamanin mulkin mallaka, Kano tana da masu zane na sana'a. Babbar riga ba ta zuwa hannun mai ɗinki sai mai zane ya fara fitar da fasalin aikin a jikin yadi da alƙalami da tawada. Aska biyu, aska takwas, tambari da dagi duk suna da ƙa'idar awo da wurin zama. Dagin nan ne ya zama tambarin Arewa, wanda ake gani a jikin gine-gine da takardun hukuma.

David Heathcote, Baturen da ya koyar da tarihin fasaha a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya tattara irin waɗannan zane-zane, cikinsu har da na wani gwani, Alhaji Sani na Kano. A 1976 ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, a cikin bikin duniyar Musulunci da aka yi a wannan shekara. Ta wannan hanya ce sunayen wasu kaɗan daga cikin masu zanen riga suka shiga littattafai. Sauran sun tafi da sunayensu, aikinsu kuwa yana nan ana sawa ranar Sallah, har injin ɗinkin kwamfuta yana kwafarsa.

Ɓangare na biyu shi ne na marubuta Alƙur'ani. Marigayi Sharu Bala Gabari na daga cikin waɗanda rubutun hannunsu ya fi yaɗuwa, domin an ɗauki hoton kwafin da ya rubuta aka buga shi da yawa, ya shiga tsangayoyi a faɗin ƙasar Hausa. Masani Andrea Brigaglia ya yi nazari a kan wannan salon rubutu na Kanawa da yadda ɗab'i ya yaɗa shi. Wanda ya duba shafi ɗaya na irin wannan Alƙur'ani zai ga tsarin launi mai ma'ana: baƙi na haruffa, ja na wasula, rawaya da kore na nau'o'in hamza, sannan zayyana a wuraren izu da sujada domin ido ya gane inda yake. Abin da malaman zane na zamani ke koyarwa game da amfani da launi wajen jagorantar idon mai karatu, alarammomi sun daɗe suna aikata shi.

Makarantar Zariya

Ga mai son ya ga yadda ake haɗa gadon gida da ilimin makaranta, babu misalin da ya kai na Zariya. A 1958 wasu ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne, manhajar kuma ta Ingila ce. Matsayar ɗaliban ita ce su karɓi dabarun da ake koya musu, amma kowa ya koma ya ɗebo siffofi daga al'adar mutanensa.

Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wanda ake yi a jiki da bango, ya mai da shi ginshiƙin aikinsa. Shi ne ya yi zane-zanen cikin wani bugu na littafin Things Fall Apart na Chinua Achebe. Onobrakpeya kuwa ya shahara a fannin buga zane daga sassaƙaƙƙen faranti, ya kuma ƙawata littattafan marubuta da dama. Daga baya Zariya ta fitar da irin su Gani Odutokun, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995, da Farfesa Jerry Buhari. Har yau jami'ar tana da sashen zanen masana'antu, inda ake koyar da zanen yadi, da tukwane, da gilashi, da zanen ɗab'i.

Akwai kuma mutum biyu da aikinsu ke aljihu ko gaban kowane ɗan Najeriya. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a garin Abuja na da, wato Suleja, a 1954. Ta ɗauki ƙadangare da kunama da kifi da take zanawa a jikin randunan Gwari ta ɗora su a kan tukwanen da ake gasawa a wutar zamani, ta rasu a 1984. Taiwo Akinkunmi kuwa ɗalibi ne a Landan lokacin da ya shiga gasar tsara tutar Najeriya. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore da fari. Ya rasu a 2023. Mai koyon zane zai amfana da wannan labari, domin sau da yawa ragewa ce ke gyara aiki.

Na wannan zamani

A cikin masu zanen da ke aiki yanzu, Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust yana daga cikin waɗanda matasan Arewa suka fi sani. Zanensa na barkwanci kan siyasa da tsaro da tsadar rayuwa yakan zagaya WhatsApp da Facebook cikin sa'o'i kaɗan. Mutanen da yake zanawa suna sanye da hula da babbar riga da mayafi, fuskokinsu irin waɗanda ake gani a tasha da kasuwa. Kuma yana sa hannu a kowane zane, don haka duk inda hoton ya je sunansa na biye.

Wannan sa hannu shi ne abin da masu zanen bangon littattafan soyayya suka rasa. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, an zana ɗaruruwan banguna da hannu kafin kwamfuta ta maye gurbinsu da hotuna. Masu karatu suna tuna marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, amma kaɗan ne za su iya kiran sunan mai zanen bango ko ɗaya. Haka ma masu fentin bayan manyan motoci, da masu rubuta allunan shaguna, da masu haɗa fastocin finafinan Kannywood.

Abin da masana'anta ke nema daga mai zane

Zanen da zai shiga inji ya bambanta da na ratayewa a bango. A atamfa, dole zanen ya zama mai maimaita kansa, ƙarshensa ya haɗu da farkonsa ba tare da an ga gaɓa ba, tun da abin da ke buga shi gangariya ce mai juyawa. Kowane launi yana da nasa farantin ko gangariyar, saboda haka ƙarin launi ɗaya ƙarin kuɗi ne. A ledar ruwa ko ta biskit, tawada takan ɗan baje, don haka siririn layi da ƙananan haruffa sukan ɓace. Dole kuma a bar gurbin lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya. Matashin da ya ƙware a CorelDraw amma bai taɓa tsayawa kusa da injin ɗab'i ba, yakan kawo zane mai launi goma sha biyu, manaja ya ce masa uku kawai zai iya biya.

A da ana koyon wannan ne a cikin masaƙu. Kano ta yi masaƙu irin su Bagauda, da Gaskiya, da African Textile Manufacturers a Challawa, kamar yadda Kaduna ta yi KTL tun 1957 da kuma UNTL. Masaƙun da ke buga atamfa sukan riƙe ɗakin zane, inda sabon shiga ke zama ƙarƙashin tsohon hannu. Matsalar wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da kwararowar yadi mai araha daga Sin sun durƙusar da mafi yawansu daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000. Da aka rufe ƙofofin, ɗakunan zanen ma suka mutu, sarƙar koyo ta tsinke.

Kantin Kwari bai daina cika da atamfa ba. Abin da ya canza shi ne inda ake buga ta. Zanen da ya karɓu a kasuwa ana iya ɗaukar hotonsa a tura waje, ya dawo cikin kwantena a farashin da masaƙar gida ba za ta iya karawa da shi ba. A 2015 hukumar kwastam ta rufe rumbunan ajiya da dama a Kano bisa zargin fasa-ƙwaurin yadi, a 2019 kuma Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje daga hannunsa. Duk da haka masaƙun da suka rufe ba su dawo yadda suke ba.

Me doka ta tanada?

Dokoki biyu ne suka shafi mai zane. Ta farko ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023. Tana kare zane daga lokacin da aka yi shi ba tare da sai an yi rajista ba, kuma kariyar tana ci gaba har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Ta biyu ita ce dokar 1970 ta ƙirƙira da zanen masana'antu. Zanen da aka yi domin a riƙa buga shi a jikin kaya, kamar atamfa ko kwano, a ƙarƙashin wannan doka yake, kuma ba ya samun kariyarta sai an yi masa rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja. Rajistar ta shekara biyar ce, ana iya sabunta ta sau biyu, jimilla shekara 15. Sharaɗinta shi ne zanen ya kasance sabo, wato wanda ya riga ya baza shi a intanet kafin rajista yana iya rasa damarsa.

Mafi yawan ayyukan da matasa ke yi wa ƙananan masana'antu da baki ake ƙulla su. A biya mutum sau ɗaya, a buga tambarinsa a kan miliyoyin leda shekara da shekaru, babu takardar da ta fayyace wa ke da shi, ko kuma ko mai zanen yana da izinin nuna shi a cikin ayyukansa. Rubutacciyar yarjejeniya ko ta shafi ɗaya ce tana iya warware wannan.

Ina mai koyo zai fara?

Kayan koyon ba su da nisa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna ajiye da riguna da kayan sarauta da ayyukan hannu na da. A marinar Ƙofar Mata ana iya ganin yadda ake ɗaure yadi kafin a tsoma shi a baba domin fitar da ado. A Kasuwar Kurmi akwai dukawa da masu sassaƙar ƙwarya da masu ɗinkin hula. Wanda ya ɗauki littafin zane da fensir ya yi mako guda a waɗannan wurare zai dawo da siffofin da babu su a cikin kowace manhaja. Daga nan sai ya nemi maɗaba'a ko masana'antar leda a Sharaɗa ko Bompai, ya roƙi a bar shi ya tsaya kusa da mai sarrafa inji na 'yan makonni, ya ga yadda zanen da ke kan allon kwamfuta ke komawa idan ya hau leda.