Garwa: Ƙura da gurɓataccen mai ke kashe tsohuwar tarakta

Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngong ko Pitoa a farkon damina ba zai rasa ganin tarakta a tsaye a bakin gona ba, garma a maƙale, direba na kwance a ƙarƙashinta. Sau da yawa mai ita ɗan kasuwa ne da ya zuba ribar masara ko ta gyaɗa ya sayi tsohuwar na'ura domin haya. Ya riga ya karɓi kuɗin kafin alƙalami daga manoma, ga ruwa ya sauka, ga tarakta ta ƙi tashi.

A wannan yanki na Binuwai lokacin huɗa gajere ne, daga cikin watan Mayu zuwa Yuni. Manomin auduga ko masara da ya makara da shuka ya san amfaninsa zai ragu, don haka ba zai jira kowa ba, shanun huɗa zai nema. Taraktar da ta yi mako biyu a gareji a wannan lokaci ta yi asarar rabin shekararta, mai ita kuma ya yi asarar amanar da manoma suka ba shi, wadda ta fi kuɗin wuyar dawowa.

Ƙaramar tarakta ba baƙuwa ba ce a Arewacin Kamaru. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, ya taɓa shigo da ƙananan taraktoci ƙirar Bouyer ta Faransa yankunan auduga. Amma wadda ta fi jure zama a hannun 'yan kasuwa ita ce Massey Ferguson. Samfurin 135, mai injin Perkins mai silinda uku, an ƙera shi ne daga 1964 zuwa 1975, har yau kuwa ana huɗa da shi a ƙasashen Afirka da dama. Dalili shi ne injinta ba shi da sarƙaƙiya, kuma kayan gyaranta na samuwa. Tun bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan Turai ya ninka, gyaran tsoho ya fi wa mutane da yawa sauƙi a kan sayen sabo.

To, mene ne ke kashe ta? Na farko ƙura. Injin tarakta iska yake sha fiye da mai, kuma a gonar da ake huɗa kafin ƙasa ta jiƙa sosai, iskar rabi ƙasa ce. Yawancin tsofaffin nan matatar iskarsu mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa. Ya kamata a sauke kwanon kullum da safe a lokacin aiki, idan laka ta taru a wanke a zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Aikin minti goma ne. Direban da ya yi ƙyuya, ƙurar za ta wuce ta riƙa cin ringi da silinda kamar ana goga su da yashi, sai a wayi gari injin na shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi.

Na biyu, kuma a nan ne maganar ta shafi 'yan kasuwarmu kai-tsaye, shi ne man gas. Kowa ya san yadda mai ke tsallako iyaka a jarkoki ta wajen Yola da Mubi. Jarkar da ta ɗauki fetur jiya, yau ta ɗauki gas, gobe ruwa. Wasu kuma, Allah Ya shirye su, suna haɗa gas da kananzir don ƙarin riba. Famfon injekta da nozul da santsin gas ɗin kansa suke aiki, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi, ruwa kuma tsatsa yake sa musu. Famfon na daga cikin mafi tsada a jikin injin, kuma ba kowane makaniki ke da na'urar saita shi ba. Ragin da aka samu a kan jarka goma bai kai kuɗin gyaransa sau ɗaya ba.

Maganin ba ya cin kuɗi. A juye man a duro a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu, ruwa da datti su kwanta, a ɗebo daga sama a tace. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, saboda tankin da ya kwana babu mai yana tara raɓa a ciki. A riƙa duba ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin filta, in an ga ruwa a zubar. Kada kuma a bari mai ya ƙare ƙarƙaf, don iska za ta shiga bututu, sai an kwance an fitar da ita kafin injin ya tashi.

Sai zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan haura digiri 40. Ruwan kududdufi da ake ɗurawa a lagireto yana barin laka ya toshe hanyoyinsa, ƙaiƙayi da ciyawa kuma su toshe fuskarsa. Idan injin ya tafasa, kada a kwara masa ruwan sanyi nan take, kan injin na iya tsagewa. Baƙin mai a sauya shi duk bayan aikin awa 200 zuwa 250 tare da filtarsa. Man giya kuwa, wanda shi ne ke ɗaga garma, in ya koma kalar madara ruwa ya shiga.

Wani abin takaici shi ne yadda ake jinkirta gyara. Tarakta ta gama jigilar amfanin gona a Disamba, an ajiye ta a rana, batir a jiki, tayoyi na tsagewa, ba wanda zai waiwaye ta sai an ga hadari. A lokacin ne kowa ke ruguwa gareji, makaniki ya yi tsada, kaya su yi wuya. Alhali Fabrairu da Maris ne lokacin buɗe inji, sauya kuloci da duba boris, lokacin da in an rasa wani abu a Garwa akwai sararin aikawa Jimeta, ko har Ƙofar Ruwa a Kano. Waɗanda suka ga yadda kaya suka yanke lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 sun san amfanin ajiye filta, fanbel da nozul a gida.

Ga masu shagon kayan gyara, kwali ɗaya kan ɗauki kaya aji-aji. Ba laifi ba ne sayar da mai araha, laifin shi ne a ce wa mutum na asali ne. Filtar jabu da ta bar datti ya wuce, injin sukutum take ci, kuma a ƙauye labari ba ya ɓuya.

Mai niyyar sayen tsohuwar tarakta ya je da makanikinsa da sassafe, ya taɓa injin ya tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Baƙin hayaƙi na nuna ƙarancin iska ko matsalar nozul, fari mai ɗorewa kuma na iya nufin ruwa na shiga silinda. A ɗaga garma a kashe injin a ga ko za ta sauko da kanta. Kafin ciniki ya faɗa, ya zaga shaguna uku ya tambayi farantin kulocinta. In duka ukun sun ce sai an yi oda, ya sake tunani.

Akwai kuma batun rai. Waɗannan tsofaffin ba su da ƙarfen kariya a saman direba. Idan wata mota ta kafe aka zo ja, a ɗaura sarƙa a maɗaurin ƙasa, domin in aka ɗaura ta sama da gatarin baya, tarakta kan miƙe ta kife a kan direbanta cikin ƙiftawar ido. Yaran da ke ɗarewa kan murfin taya ranar kasuwar Pitoa kuwa, a sauke su kafin a sa giya.